Daƙiƙa Bakwai

Ni ce ta bayan gilashi,
waya a kunne, yatsa a kan jan maɓalli.
Muryata ba ta fita gari.
Amma duk abin da Kaduna za ta ji da ƙarfe takwas na dare
ni nake riga ta ji,
da daƙiƙa bakwai cif.

Tasharmu ɗaki biyu ce a Kakuri,
bayan masaƙar da ta yi shiru tun ina goye.
Eriya ɗaya, janareto mai tarin fuka,
matsakaicin zango, wanda yara ke kira rediyon kaka.
Da can in rana ta faɗi sai murya ta miƙe ƙafa.
Direban tirela ya kama mu a hanyar Birnin Gwari,
wani makiyayi ya taɓa kira daga bayan Kachia
yana tambayar me ya sa kanwa ta yi tsada.

Sai takarda ta zo ranar Talata,
da hatimi, da sa hannu kamar tonon kaza.
A rage ƙarfin na'ura da zarar an kira magariba.
A jinkirta kowane kira.
Wanda ya kama suna, tara a kanmu,
tarar da ta fi albashinmu mu tara na shekara.
Manaja Gwadabe ya karanta sau biyu, ya ninke,
ya cusa ta ƙarƙashin ƙafar tebur mai rawa,
ya ce ko ba komai ta yi rana.
Washegari shi da kansa ya sayo maɓallin.

Jiya Baba Tanimu na Rigasa ya kira.
Ya ce rijiyar burtsatsen da aka buɗe da kiɗa da tafi
ko ƙadangare bai jiƙa maƙoshi a can ba,
kuma ya san cikin da kuɗin ya faɗa, sunansa...
Na danna.
Gari ya ji tallar maganin basir.

Rifkatu ta Sabon Tasha ta fi shi sanin hanya.
Ta ce, wancan mai hular da ba ta karkacewa,
wanda ya kawo mana atamfa da taliya bara waccan.
Kowa ya gane.
Na naɗe hannuna,
doka ba ta san hula ba.

Sunaye goma sha ɗaya na haɗiye wannan watan.
Suna nan zaune a ƙirjina kamar ɗanyen rogo.

Na koma gida a Keke, Unguwar Mu'azu,
na tarar da mahaifina a bakin ƙofa
ya ɗaure wa rediyonsa wayar ƙarfe har taga,
yana murɗawa, ba ya samun komai sai shuuu,
kamar ana suyar ƙosai a wata unguwa.
Nisan da ke tsakaninmu da tasha bai kai a gaji ba,
amma da dare mun koma ƙasar waje.

Ya ce, Asabe, wa aka zaga yau?
Na sunkuya na raɗa masa.
Ya ce, iye?
Kunnensa ya yi nauyi tun zamanin injin saƙa.
Na sake faɗa. Ya ce, ɗaga murya mana.
Na ɗaga.

Gidan haya ne, ɗaki takwas,
an ɗauke wuta, kowa na waje a kan tabarma.
Na laluba gefena don sabo.
Babu maɓalli.