Dalma da Haske

Shekara arba'in da ɗaya ina tsintar haruffan dalma
a wani ɗaki a gindin tudun Valparaiso,
inda gishirin teku ke cin ƙarfen taga.
Na buga katin biki, na buga na makoki,
na buga jadawalin jiragen ruwan da tuni tsatsa ta gama da su.
Da injin ya gaji, ni ma na gaji,
aka sayar da shi kilo-kilo ina tsaye.

Ran Talata Maite, jikata, ta hawo matakala ɗari da tara,
kwamfuta a jaka, burodi a hammata.
Ta ce, "Kaka Eleodoro, labaran nan
da kake cika mana kunne da su a bakin tebur,
yau za mu yi musu gida."
Na ce, a wane fili?
Ta nuna sama da haɓa.

Ta buɗe baƙin allo, ba hoto, ba ado,
sai wani farin tsinke yana ƙifta ido
kamar mai jiran a biya shi bashi.
Kalma uku ta rubuta, folda ta haihu:
nan rubutu, nan mazubi, nan hotuna.
Na ce, dakata,
ai wannan akwatina ne, kowa da gurbinsa.

Fayil na farko ni na zauna masa da yatsa biyu.
Karan ɗori uku, take, kwanan wata,
karan ɗori uku kuma,
sannan labarin daren da ruwan sama ya shigo mana maɗaba'a
muka kwana muna ɗaga takarda a ka.

Ta ce, ba shi umarni ya gina.
Na ba shi.
Ya amsa da jan rubutu, layi tara, duk faɗa.

Maite ta yi ta bincike har shayinta ya huce,
tana tsaki, tana tauna igiyar rigarta.
Ni kuwa na sa tabarau, na bi layi daga dama zuwa hagu
yadda muke karanta dalma,
sai ga shi: bayan ɗigo biyu, babu tazara.
Yarinya, farin wuri ma harafi ne,
na san nauyinsa a tafin hannuna.

Muka sake. Kafin in haɗiye yawu ya gama.
Ga shafi tsaye, baƙi a kan fari.
Ta ce babu abin da ke motsi a bayansa,
sau ɗaya ake zuba shi, kowa ya zo ya tarar da shi yadda yake.
Na ce, ashe bugu ne.
Suna kawai kuka sauya masa.

Da ta tafi, na tuna kati ɗari uku na aurena
da na ci wa Rosaura harafi ɗaya a sunanta.
Ta yi dariya a lokacin. Ba ta taɓa mantawa ba.
Na buɗe sabon fayil,
na rubuta sunan cikakke, a hankali,
na ce gina.

Can ƙasa wani jirgi ya yi kuka a tasha.
Na shinshina yatsuna don sabo.
Babu tawada.