Gam Kaɗan

Allurar zafi ta haura ja tun daga Kwangila.
Fasinja shida suka sauka suna tsaki,
wata ta ce a ba ta kuɗinta, na ba ta.
Gareji nawa ne daga nan zuwa Muciya?
Ban ƙirga ba. Na wuce su duka,
na gangara da Golf ɗina gindin darbejiyar Yaya Sallau,
wanda rabona da gaishe shi
tun ranar da aka ja igiya a filin Baba.

Bai ce sannu ba. Ya ce, “Buɗe bonet.”
Sai da inji ya huce ya ɗauki sifana mai lamba goma,
ya kwance noti biyu,
ya zaro tamostat, ta ƙame, bakinta a rufe gam.
Na ce, “A yar da ita mana, kowa cirewa yake,
an ce don ƙasar sanyi aka ƙera ta.”
Ya ce, “Wanda ya sa ta ba wawa ba ne.
Ɗanlami, ruga Sabon Gari, shagon Obinna,
sabuwa, da gasket, da jan gam.”

Ya miƙo mini reza. “Kankare.”
Tsohon gasket ya kama ƙarfe
kamar ƙanzo a gindin tukunya.
Na kankare, ya shafa da yatsa, ya ce da saura.
Na sake. Ya ce da saura.
“Fuska biyu ba sa haɗuwa
in tsohon datti na tsakani.”

Da gam ya zo na matsa shi da yawa,
ni a dole mai son aiki ya yi ƙarko.
Ya sa tsumma ya share tas.
“Kwalli ake sa wa ido, ba yaɓe ba.
In ya yi yawa ciki yake matsowa,
ya gutsure, ya bi ruwa, ya toshe lagireto.
Abin da ka sa don ya haɗa,
shi zai ƙona maka inji.”
Ya ja siririn layi, ya ɗora murfi,
ya ɗaure wannan noti kaɗan, wancan kaɗan,
ya dawo kan wannan.

Na ɗauko jarka. Ya ce, “Ajiye. Bai sha iska ba.”

Muka zauna kan tsohuwar kujerar bas.
Akwai jawabin da na yi shekara uku ina tsarawa,
mai rantsuwa, mai ambaton kabarin Baba.
Na dubi jan da ya maƙale a farcena,
na ce, “Ya ƙafar Hajara?”
Ya ce, “Da sauƙi.”
Ya tura mini ƙullin gyaɗa.

Bayan la'asar muka zuba ruwa, na tayar.
Ya durƙusa yana leƙe. Ko ɗigo.
Na ce, “Nawa ne?”
Ya ce, “Biya Obinna.
Jibi ka dawo in ga ko yana yoyo.”