Kwalba ta Arba'in da Uku

Ƙarfe biyun dare a Daejeon.
Dusar ƙanƙara na sauka a kan kekunan ɗalibai,
ni kuwa, Byeon Mi-ryeong, ina gadin kwalabe,
suna rangaji a injin girgiza
kamar masu gyangyaɗi a jirgin ƙasan ƙarshe.

Ƙwayar da nake kiwo, daga turɓaya aka ɗebo ta.
Ka buɗe murfi, ƙamshin ruwan fari ya doke ka.
Saƙar magani gadonta ce,
masaƙarta doguwa, hannu na miƙa wa hannu,
zaren ne dai babu.
Malonil sunan zaren.
Ɗan abin da ta kaɗa daga sukarin da na ba ta
sai ta mai da shi kitse, ta ja wa kanta katanga,
ta bar masaƙa tana hamma.

Bara na gwada mata ƙarfi.
Na toshe hanyar kitse ɗungurungum.
Da safe ruwan kwalba fayau,
ko mai motsi babu.
Farfesa Namgung ya ɗaga ta a hasken taga, ya ce,
"Kin ƙwace kwanon shinkafar ma'aikaci,
kina jiran aiki?"
Ya ajiye, ya tafi shan kofinsa.

Sai na tuna kakata a Sunchang,
da tulunan waken suya jere a bayan ɗaki.
Ba ta taɓa yi wa tulu gaggawa ba.
Takan ce, bar shi ya ƙoshi tukuna,
ɗanɗano ya san ranar zuwansa.

Na dasa ɗan makulli a ƙwayar gadonta:
ta ci, ta hayayyafa, ta yi ɓul-ɓul,
sai taro ya cika sannan ƙofar kitse ta sakaya,
ba garam ba, rabi.
Na ƙaro mata masu kaɗi,
abin da ta ɓoye a rumbu ma
a warware shi ya koma zare.

Wata bakwai.
Kwalba ta arba'in da uku.
Na haska ta da fitilar waya.

Shuɗi.
Shuɗi kamar tekun Pohang a tsakiyar sanyi.

Ban yi ihu ba, wa zai ji?
Sai gobe na'ura ta auna.
Ƙila ninki uku ne, ƙila idona ne ya gaji.
Taliyata ta huce a kofin takarda.
Na jawo littafi, hannu na rawa,
na rubuta: a maimaita.