Babban Yatsa

Shekara talatin da biyar ina buga sunayen jama'a,
keken rubutu a gabana, takardar albashi a gefe.
Ban taɓa rage wa kowa sisi ba,
ban taɓa mai da Ɗalhatu Dauda ba.
Yau ga ni a layi tun hantsi bai fito ba,
na zo in shaida wa hukuma ina numfashi.

Daga Tudun Jukun acaɓa ya kawo ni.
Laraba ce ta kwance bakin zane,
kuɗin daddawarta, ɗari biyar masu ƙamshin kalwa.
"In sun biya, ka tuna rance ne."
Da dariya ta faɗa,
amma ta ja layi da gawayi a bayan ƙyaure,
kusa da 'yan'uwansa guda bakwai.

Yarinyar da ke bayan tebur sa'ar Nuratu ce, autata.
"Baba, ɗora yatsa." Na ɗora. Jar wuta.
"Goge a riga." Na goge.
"Shafa a goshi, ko maiƙo zai taimaka."
Na shafa a inda nake kai wa Ubangiji gaisuwa,
na sake ɗorawa.
Na'ura ta ce ba ta san ni ba.

Yarinya, wannan yatsan bai taɓa buga harafi ba.
Aikinsa sandar ƙasa, mai raba kalma da kalma,
shi ke barin fili tsakanin suna da sunan uba.
Fili ya yi ta bugawa har ya zama fili.
Ban faɗa mata ba. Layi na da tsawo,
kuma Jumare direba na tari a bayana.

Can kan benci matar Ladan ce da fayil a cinya.
Bara tare muka tsaya da shi a nan,
yana ba mu labarin gonar da zai saya a Dakace.
Ni an ce in kawo shaidar ina raye,
ita an ce ta kawo shaidar ya mutu.
Muka gaisa. Ta ce, "Ya jiran?"
Na ce, "Da godiya."

Rabin garatuti da ya fito
na zuba shi a ɗaki biyu a Gyallesu,
bulo, kwano, ƙofar ƙarfe, rijiya ba murfi.
Na ce ɗalibai za su riƙe mini tukunya.
Makaranta ta rufe, suka kulle ɗakin da katifunsu,
haya ta bi su garuruwansu,
gizo-gizo ya tare, shi kuwa ba ya biya.

Amma takardar harajin fili ba ta ɓata hanya ba.
Na same ta manne a ƙofa ranar Litinin,
sunana cif, da na mahaifina,
ko ɗigo ba a manta ba.
Mai karɓa bai nemi yatsana ba.
Bai ce in shafa goshi ba.
A ofishinsa lafiyata ƙalau,
a nan ne kawai ake shakkar ko ina duniya.

"Baba, ka dawo Talata, a gwada na hagu."

Da ƙafa na koma.
A Ƙofar Doka mai tsire ya kira ni da Alhaji,
na ɗaga masa hannu kamar mai azumi.
Na lissafa: wuta, magani, kuɗin jarrabawar Nuratu,
buhun masara da ya kai gwiwa.
Lissafin bai fi nisan hanyar ba,
amma ya riga ni gajiya.

Laraba ta dubi takalmina, ba ta tambaya ba.
Ta miƙo ruwa a moɗa.
Na jingina da ƙyaure ina sha,
da na ɗauke hannu
sai ga gawayi ya kama yatsan,
ya bar tambarinsa a jikin katako,
baƙi, da 'yan zane-zanensa, siri-siri.

Ta matso, ta daɗe tana dubawa.
"To, ga ka nan," in ji ta.
"Talata sai ka cire ƙyauren ka kai musu."