Kamu Biyu Ƙarƙashin Gadon Inna

Damina uku Inna na cewa ɗakin yana wari,
mu muna cewa tsufa ne ya sa wa hancinta tsini.
Na sayo fenti, na shafe bango har sau biyu,
ya kumbura, ya saɓule kamar ɓawon dafaffen rogo.
Sai ran Laraba, bayan ruwan asuba,
ƙafar gadonta ta nutse cikin katakon daɓe,
shiru, ko ƙara babu,
kamar yatsa a nunanniyar gwanda.

Gidan kwatas ɗin reluwe ne, nan Gombe,
an ɗora shi bisa ginshiƙan jan bulo,
tsakaninsa da ƙasa kamu biyu.
Shekara arba'in ina takawa a sama,
ban taɓa leƙa abin da ke ɗauke da ni ba.

Na tuɓe riga, na ciji tocila,
na shiga rub da ciki ta kafar da kaji kaɗai suka sani.

Duhun ma a jiƙe yake.
Ƙasa ta riƙe gwiwata, sanyi irin na gindin randa.
Bututun famfo na ɗiga, ɗis,
ya huta, ɗis,
ba ya sauri, wa ke korar sa?
Funfuna ta shanya farin zanenta jikin katakai.
Gara ta ja layukanta, da kwana, da mararraba,
ita ba ta taɓa makara ba,
ba kamar jirgin da Baba ya yi wa bauta ba.
Zartsi ya sa wa bulo furfura,
na shafa, ya zubo gari a tafina.
Na kafa ƙusa, ta shige har kai babu gardama.
Wani kwaɗo ya dube ni,
duban mai gida ga baƙon da bai yi sallama ba.

Can lungu, takalmin roba, ƙafar hagu,
na Babayo, wanda ya sha bulala a kansa
yana rantsuwa bai kai shi rafi ba.
Ashe gaskiya ya faɗa.

Sannan na hasko tagogin iska.
Shida ne, duk an liƙe su da siminti,
a jikin na ƙarshe shatin yatsu huɗu,
na tsakiya a karkace.
Na san hannun.
Shekarar da kububuwa ta fito ta nan
ta naɗe gefen tabarmar Dudu,
a daren ya kwaɓa siminti cikin kwanon wanki,
ya ce babu abin da zai ƙara shigowa ya taɓa masa 'ya'ya.
Babu abin da ya shigo.
Babu kuma abin da ya fita:
ruwan indararo, numfashin ƙasa,
gumin damina talatin,
duk suna nan, sun zauna, suna ci a hankali,
suna hawa ƙirjin Inna da dare
mu muna saya mata maganin tari.

Manu kafinta zai zo gobe.
Na san abin da zai ce: katako tara, sabon bututu,
lambatu ta bayan ɗaki, raga a kowace taga,
ya tauna goro, ya faɗi kuɗin da zai sa in nemi wurin zama.

Ta ramin da gado ya huda
muryarta ta sauko mini:
"Ka ga mushen?"
Na ce, "Ba mushe ba ne, Inna."
"To mene ne?"
Na ce ta miƙo guduma da kurfi.

Biyar na fasa.
Haske ya shigo yana ɗingishi, iska na biye,
kwaɗon ya matsa gefe.
Ta shida na daɗe a gabanta.
Na sa yatsuna cikin nasa, sun yi mini yawa.
Na bi gefe-gefe, na ciro shi ɗungurum,
na fito da shi a ƙirji, da laka har gira.

Ta juya shi, ta juya.
Ta ce, "Kai, mutumin nan da taurin kai."
Ta goge shi da bakin zane.