Kaka, Ƙaƙa

Barira ta dawo daga makaranta da takarda,
an zana mata bishiya, an ce ta rataya wa rassan sunaye.
Ta tsaya a ƙofar shagona a Aboabo,
allura na tsakiyar wuyan riga,
ta ce, "Kaka, wa zan sa a can ƙasa, wurin saiwa?"

Na ɗage ƙafa daga keke.
Kaka, in ji ta. Wato ni,
ni da har jiya nake jin kaina ɗan wani.

Kalmar nan, Barira, riga ce mai faɗi,
namiji ya sa, mace ta sa, ba a rage mata wuya.
Uban uba kaka, uwar uwa kaka.
In suka wuce ƙirgen yatsu
sai a ce kakanni, a ja numfashi.
Wanda ya ce miki "tun kaka da kakanni"
sunayen ne suka ɓace masa, yana rufa wa kansa asiri.

Rubuta Gambo.
Gambo mai jakai tara, ɗaya gurgu,
ya ɗauko kanwa ya biyo ta Salaga,
ya ce goro zai saya, kwana arba'in ya juya.
Wata mai koko ta yi wa rawaninsa dariya,
kafin damina ya sayar da jakan.
Ba mu da hotonsa.
Ya bar tandu, ya bar wuƙar yankan igiya,
ya bar wannan goshin da kike ɓoyewa da ɗankwali.

A can Arewa, inda sau ɗaya na taka, gaisuwar mutuwa,
kaka kuma lokaci ne:
gero ya sunkuya, rumbu ya buɗe baki.
Mu nan a kwano muke ganin gero, an riga an sussuke.
Amma wanda ya raɗa wa tsoho da girbi suna ɗaya
ya san abin da yake yi:
duka biyun nauyin kai ke lanƙwasa su,
duka biyun sai sun kwanta ake ware iri.

Akwai ta uku, ita ce ke hana ni barci.
Harshenmu na Zango ya zubar da ƙugiyarsa a hanya,
watakila a mashigin kogi, tare da wani dam na kanwa.
Uwata in za ta ce ƙaƙa, kaka take cewa,
baƙin Kano su sunkuyar da kai suna murmushi.
Su yi ta yi.
A bakinmu mafari da tambaya sun zama abu guda:
kaka ka zo? kaka ka zauna?
kaka aka yi ka manta hanyar gida?

Maame Serwaa mai dokunu tana jin mu ta taga.
Ta ce su a wurinsu Nana ne mai furfura,
Nana ne kuma jikan da ke goye.
Na ce, ashe ku zobe kuka ƙera,
mu muka tsaya tufka igiya.

Barira ta lashi bakin fensir.
"To shi Gambo, wane ne kakansa?"

Motar Kejetia ta wuce tana kiran fasinja.
Ladan ya gyara murya.
Na duba zare, na duba almakashi,
na duba cikin tandun da babu komai sai ƙanshi.

Na ce bar wurin haka.
Ba ta bari ba, jinin Gambo ce.
Ta zana jaki a ƙarƙashin saiwar, ƙafa uku da rabi,
kansa na kallon kudu.

Washegari malamarsu ta kewaye shi da jan biro,
ta sa alamar tambaya.
Na ce wa Barira kar ta goge,
malama ta rubuta sunan daidai.