Awon Da Ba Na Kwano Ba

Shekara ashirin da bakwai ina 'Yar Kutungu.
Ɗaga buhu kawai, kafin ka sauke
na san tiya nawa ke ciki,
na san wanda ya sha raɓa, na san mai tsakuwa.
Hannuna bai taɓa yi mini ƙarya ba a kan gero.

Sai ga Murja ran Laraba da la'asar,
ko kayan makaranta ba ta sauya ba,
ta ajiye takarda a bakin faifai:
"Baba, auna wannan."
Ɗari biyu da sittin da takwas.
Na ɗaga, na juya, ba nauyi ko na ƙwayar riɗi,
iska ma ta so ɗauke ta
sai da na danne da kwano.

Likita take so, kuma a Zariya.
In ba can ba, wai Badun.
Ni da ko Funtuwa sai da dalili!

Malam Dikko mai koya musu sinadarai
ya zo sayen wake, na riƙe masa riga.
Ya zauna bisa buhun dawa,
ya yagi takardar ƙunshin sukari, ya ciro biro.

Ya ce lissafi ta gama da shi,
Turanci ta tsallake, amma ƙafa ta taɓa ruwa.
Ya ce masu nema dubbai, kujeru ba su cika wannan rumfa da ta maƙwabta ba.
Ana duba maki, ana duba jiha,
ana duba wani abin da ba a rubutawa a allo.
Bara wani yaro a Ƙofar Marusa ya fi ta da sha ɗaya,
yana nan yana yi wa mutane cajin waya.
Wata ba ta kai ta ba, ta shiga.
Na ce yaya aka yi? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce rabo.

Na ce, Malam, yi mini da harshen kasuwa:
cikin goma, nawa?
Ya daɗe yana kaɗa biron a haƙori.
"Huɗu. In an yi sassauci, biyar.
Ta sauya zuwa ta kan hanyar Dutsin-Ma, ta ɗauki wani fannin,
wannan tara ce, ka kwana ba tsoro."

Huɗu cikin goma!
Da hatsi ne, ko tayawa ba na yi.

Amma su can ba su san ɗakinmu na Rafindadi ba,
ba su ga sunayen ƙasusuwan mutum
da ta jera da gawayi a bango,
ba su ga fitilar wayata tana mutuwa ƙarfe biyun dare
ta koma tsakar gida tana bita da ka, sauro na cin rabonsa.
Wannan duk ƙaiƙayi ne a wurinsu, sheƙewa za su yi.
Awonsu shafe ne, ba tsororuwa,
balle gyara, balle "ƙara mini ɗan hannu, na zo daga nesa".

Uwarta ta ce a sauya, tara ta fi huɗu ko a wurin makaho.
Juma'a ake rufewa.
Na ba Murja kuɗin shagon kwamfuta na Ƙofar Ƙaura,
ta tafi, ta dawo da su a dunƙule, sun jiƙe da gumi.
"Baba, kai ka ce manomi ba ya tambayar hadari
kafin ya binne iri."
Na faɗa, amma a kan gero na faɗa, 'yar nan,
gero in ya ƙi bana, akwai baɗi.
Ta ce, "Ni ma akwai."

Yau na ware buhu biyu na kuɗin motar Zariya,
akwai sauran jarrabawar tantancewa.
Wata mata ta ce in ba ta tiya huɗu,
na zuba biyar ban sani ba.
Ta ce, "Malam Tukur, lafiya?"
Na ce lafiya lau, tafi da ita.
Hannun ne yau ya ƙi awo.